Dokin Mai Baki Ya Fi Gudu

A gidan da na tashi a Matamaye, haniniyar doki ke tada mu da asuba tun ladan bai yi kiran farko ba. Amma abin kunya, sai da na je Yamai karatu na fara ɗaukar kaina masanin doki, kuma dawakin da na sani ɗin ko jelarsu ban taɓa gani ba. A takarda suke, takarda guda mai fuska biyu da ake samu gefen rumfar PMU, wadda fotokofi ya cinye rabin baƙaƙenta kamar dai wannan ɗan littafi namu. Duk wanda ya taɓa zaman fada a Yamai ko Damagaram ya san ta. Ana dafa shayi, wani ya duƙufa kanta da bik, yana zana lambobi a gefe kamar mai bugun ƙasa.

Da hujjar karatu na fara matsawa kusa. An ba mu aiki kan kalmomin aro, sai na ce bari in tattara na ƴan PMU, tunda ba wanda ya kula da su. Na kuwa samu abin rubutawa. Dokin da kowa ya sa wa rai shi ne fabori, don bakinmu ba shi da harafin v, sai ya mai da shi b. Wanda ba a zaci komai daga gare shi ba tokar ne. Wanda aka janye kafin tashi nampartan. In ka jera dawaki yadda suka shigo ka ci odur, in ka same su amma a hargitse ka ci dezodur. Mutanen da ba su taɓa zama ajin lakwal ba suna juya waɗannan kalmomi a baki kamar tare aka haife su. Na cika shafi goma na kaye, na samu maki mai kyau, amma ban bar fadar ba.

A nan na koyi tarihin abin. Wani ɗan kasuwa a Paris, Joseph Oller, shi ya ƙirƙiro tsarin tara kuɗin masu caca a tukunya guda tun shekarun 1860. An kafa PMU a Faransa a 1930. André Carrus ya fito da tiyarse a 1954, wato cankar dawaki uku na farko; karte mai huɗu ya zo a 1976, kente mai biyar a 1989. A ƙasarmu LONANI ke riƙe da wannan harka, amma dawakin can suke gudu, a Vincennes da Longchamp da Chantilly da Deauville. Mu dai namu lamba ce da fata.

Cikin duk tseren, gajeren zango ya fi jan hankalina, na mita 1000 zuwa 1200. Mafi shahara a Faransa shi ne Prix de l'Abbaye de Longchamp, mita 1000 a miƙe, da ake yi farkon watan Oktoba, rana guda da babban tseren Arc de Triomphe. Dawakin kan gama shi ƙasa da minti ɗaya, wato suna gudun sama da kilomita 60 a awa. A dogon zango mahayi na da sararin gyara kuskure: ya laɓe a baya, ya jira, ya fito a ƙarshe. A gajere ba wannan. Ka makara da taku biyu wajen tashi, shi ke nan, sai dai ka sha ƙura.

Na koyi auna su kamar yadda manyan fada suke yi. Da farko a duba abin da Faransawa ke kira muzik, wato jerin sakamakon dokin na baya, daga hagu zuwa dama, na kwanan nan a gaba. In ka ga 1p 3p 0p, ya zo na ɗaya a tseren fili na ƙarshe, na uku a wanda ya gabace shi, kafin nan kuma bai shiga cikin tara na farko ba. D na nufin an soke shi, T ya faɗi, A an tsai da shi a hanya. Sai nauyi: a tseren da ake daidaita ƙarfi, wanda ya fi ƙwazo shi ake ɗora wa kaya, lamba 1 kan ɗauki wajen kilo 60, na ƙasa kuma ya ragu da kilo bakwai ko takwas. Sai gurbin tashi, ko kusa da shinge ko can waje. Sai ƙasa, busasshiya ce ko ruwa ya jiƙa ta, don akwai dokin da taɓo ke kashe wa gudu, akwai wanda sai a taɓo yake tashi. Sai mahayi da mai horo. In na haɗa waɗannan duka sai in ji kamar na warware jimla mai wuya a allo.

Lissafin da ban so in yi ba shi ne mai sauƙin. In dawaki 16 suka tashi, hanyoyin da uku na farko za su iya jeruwa 3,360 ne. Na huɗu 43,680. Na biyar 524,160. Ko a hargitse kake neman biyar ɗin, zaɓi 4,368 ne gabanka. Gaskiya ne ba duka dawakin ƙarfinsu ɗaya ba, sani yana rage yawan. Sai dai abin da ka sani, dubban mutane sun karanta shi a takardar da ka karanta. In fabori ya shigo, ku da yawa kuka ci, rabon kowa bai taka kara ya karya ba. In tokar ya shigo, kuɗin ya yi kauri, amma kai ba ka ciki. Kafin a raba ma an cire kason kamfani da na gwamnati daga tukunyar. Shekara guda ina zuba dala arba'in yau, dala sittin gobe. Sau ɗaya na ci dezodur, jika huɗu da ƴan kai, na sayi shayi da sukari na fada, aka yi ta kirana farfesa har mako biyu. Sauran ranakun kuwa maganar ɗaya ce da ta kowa: doki guda ne ya ɓata mini.

Da wannan kan na koma gida hutun ƙarshen Disamba. An gama girbi, harawa ta cika rufin ɗakuna, rake na fitowa daga korama ana loda shi a amalanke, hazo ya rufe gari. Lokacin dawaki ke nan a wajenmu.

Kawuna, ƙanin Inna, shi ke kiwon dawakin wani Alhaji ɗan kasuwa, kuma turken yana bayan gidanmu. Bai yi lakwal ba. Amma in ana maganar kalmomi, shi ya kamata ya ba ni maki. A bakinsa na fara jin akawal da kili da danda da hurde da gunya, kowane launi da sunansa. Dukushi daban, ingarma daban, ƙuru daban. Sassarfa ba sukuwa ba ce, kilisa kuma ba yawo ba ne. Ƙasar Damagaram ta san doki tun kafin zamanin Sarki Tanimu, wanda rundunar dawakinsa ta sa maƙwabta shakka, kuma har yau daga Kance zuwa Magarya da Mirya, mai hali bai cika ba sai da turke a ƙofar gida. Kawu ba ya duba takarda. Yana duba kashin doki da safe, ya leƙa akurkin dawa ya ga abin da aka rage, ya shafa ƙafa daga gwiwa zuwa kofato, ya saurari numfashi bayan kilisa. Da na karanta mishi muzik wata rana, dariya ya yi ya ce, “Ɗan lakwal, wannan labarin jiya ne. Doki kuwa da cikin yau yake gudu.”

An sa sukuwa ranar Lahadi a filin bayan gari, har da baƙi daga Magarya da wasu daga tsallaken iyaka, ta wajen Daura, waɗanda suka shigo ta Ɗan Barto. A gajeren zango dawaki bakwai ne za su tashi, amma uku ake magana. Na farko akawal ɗin Alhaji, wanda Kawu ke kiwo, ya ci sau uku a jere a bara, gari duka nasa ne. Na biyu wani kili daga Magarya, mai shekara huɗu, ba shi da girma amma an ce tashinsa kamar an harba kibiya, kuma yaron da ke hawansa bai fi buhun gero rabi nauyi ba. Na uku danda na mutanen Daura, dogo mai faɗin taku, irin wanda sai ya yi nisa yake buɗewa. Na zauna na auna su da ilmin fada: danda zangon ya yi mishi kaɗan, kili yana da tashi da sauƙin kaya, akawal yana da muzik da sanin fili. A takarda, akawal ne fabori, ba gardama.

Daren Asabar bayan isha'i Kawu ya kira ni in riƙe mishi fitila. Na tarar ya jiƙa tsumma a ruwan randa yana naɗa wa akawal a ƙafar gaba ta dama. Ya kama hannuna ya ɗora bayan ƙwaurin, ya ce, “Ji nan.” Da zafi, kamar goshin yaro mai zazzaɓi. Ya ɗora ni kan ɗayar ƙafar, sanyi ƙalau. Ya ce tun Alhamis dokin ke rage dawa, ya gaya wa Alhaji a hutar da shi, Alhaji ya ce baƙi sun zo daga nesa, kunya ce a ce akawal bai fito ba. “Zai tashi,” in ji Kawu, “amma ba zai kai ba. Allah dai ya sa kada jijiyar ta tsinke.” Muryarsa irin ta mai jinyar ɗa ce. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ina riƙe da fitila kaina na lissafi. Shekara guda ina neman abin da sauran masu takarda ba su sani ba, ga shi yau an ɗora mini a tafin hannu.

A filin sukuwa ba rumfa, ba tikiti. Caca ta baki ce, tsakanin mutum da mutum, a bayan taro inda dattawa ba sa gani. Wanda na ci karo da shi abokina ne tun ajin farko na firamare, wanda ya bar lakwal da mahaifinsa ya rasu, yanzu yana kabu-kabu da babur ɗin wani. Ya ɗaura jan ƙyalle a kai yana kirarin akawal har muryarsa ta dushe. Na ce mishi, cikin wasa, “Mutumina, yau kili zai ba ku kunya.” Ya ce, “Kai Yamai ta lalata ka. Dokin kawunka kake zagi? Sa kuɗi in ka isa. Ka sa biyar, ni in sa goma.” Da na yi shiru a nan, da ba abin da zan rubuta yau. Na zaro jika biyar daga kuɗin motar komawata, shi ya ƙirgo jika goma, yawancinsu tsofaffin ƴan dala ɗari-ɗari masu warin esans. Muka damƙa wa mai shayin fadarsu. Sharaɗi: in akawal ya zo na ɗaya, nasa ne, in wani ne, ko wane ne, nawa.

Aka jera su, aka sha fama kafin su daidaita, don a nan ba akwatin tashi irin na Turai, tuta ce kawai da ihun mai tuta. Tuta ta faɗi. Akawal ya fita tare da kili kafaɗa da kafaɗa, har gabana ya faɗi, na ce ko Kawu ya yi kuskure. Fili ya ɗauki sowa. Wajen rabin zango sai na ga abin da ba zan gani ba da ba a nuna mini ba: kan akawal ya fara ɗagawa duk lokacin da ƙafar dama ta taɓa ƙasa. Yaron da ke kansa ya sa bulala, dokin ya ba da abin da yake da shi, amma kili ya riga ya zare. Danda ma ya zo ya wuce shi dab da tuta. Duka abin bai kai a sha kofin shayi ɗaya ba. Akawal ya shigo na uku yana ɗingishi, na hango Kawu ya ratsa taro da gudu, ba takalmi, ya kama linzami.

Mai shayi ya miƙo mini jika goma sha biyar. Abokina ya kwance jan ƙyallen ya sa aljihu, ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo, ya ce, “Ka cinye ni, farfesa.” Daga baya na ji cewa jika biyu yake kai wa mai babur kullum, kuma kuɗin kwana biyar ne ya tara zai kai a daren.

Wannan kalma tasa ita ta hana ni barci, kuma a nan ne karatun da aka tura ni yi ya yi mini rana, ko da yake a makare. Aikatau ɗin ci a Hausa yana son karɓau. Ana cin tuwo, ana cin kasuwa, ana cin amana, ana cin mutum. A fadar Yamai kuwa kullum a gundule muke faɗinsa: na ci, wane ya ci, jiya an ci da yawa. Ba mai tambaya, ka ci wa? Tukunyar PMU ta ɓoye karɓau ɗin. Jika huɗun da na taɓa ci ba daga Faransa suka zo ba, ba kuma daga aljihun doki ba. Dala arba'in-arba'in ne na masu gadi da masu tura ruwa da ɗalibai irina, waɗanda ban ga fuskarsu ba. A filin Matamaye sai jimlar ta cika, da mai aikatawa da wanda aka aikata wa, kuma na san sunan uwarsa.

Ban gama da wannan ba sai ga wadda ta fi ta. Kafin magariba labari ya zaga gari cewa ɗan ƴar'uwar mai kiwon akawal ya sa kuɗi a kan akawal zai faɗi, ya kuwa ci. Kafin isha'i labarin ya zama Kawu ne ya ba ni kuɗin. Washegari da safe, a bakin masu shayi, Kawu ya sayar da tseren ga mutanen Magarya, har da adadin da aka ba shi. Hausawa sun ce dokin mai baki ya fi gudu. Ni na ga ranar da ya wuce kili. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana kwana a turke, wanda ya roƙi a hutar da dokin, shi aka wayi gari ana nunawa da baki. Alhaji ya aiko a karɓi makullin ɗakin sirdi.

Kawu bai daka mini tsawa ba, da ma ya yi. Yana zaune yana shafa wa ƙafar akawal man kaɗanya, ya ce ba tare da ya dube ni ba, “Fitila na ce ka riƙe mini.” Inna ce ta yi faɗan, ta kuma ce ba zan kwana gidan ba sai na je na wanke ƙaninta. Muka tafi gidan Alhaji da limamin unguwarmu. Na durƙusa a zaure gaban mutane na faɗi komai: abin da aka nuna mini, abin da na yi da shi, da cewa Kawu bai san ko dala ba. Alhaji ya daɗe bai ce uffan ba. Shi ma ya san wanda ya ce a fito da dokin. Daga ƙarshe ya ce a mayar wa Kawu makulli, ni kuma in tashi in ba shi wuri.

A hanyar dawowa liman ya yi mini magana a hankali. Ya ce sukuwa ba laifi ba ce. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya tsere a Madina, dawakin da aka horar suka yi dogon zango, waɗanda ba a horar ba suka yi gajere. Ya ce in shugaba ko wani mai hali ya sa kyauta ga wanda ya zo na ɗaya, malamai sun halatta. Amma ƴan kallo biyu su ajiye kuɗi, wanda ya canka ya kwashe na ɗan'uwansa, wannan caca ce, ko a bayan fili aka yi ta ko a rumfa mai fenti. Na san wannan tun ina makarantar allo. Abin da na yi a Yamai shi ne na sake mata suna da Faransanci don kada in gane ta.

Mayar da kuɗin ma bai zo da sauƙi ba. Na sami abokina a tasha na miƙa mishi jika goman, ya ture hannuna. “An yi caca, ka ci. Ni ba almajiri ba ne.” Na ce mishi ba caca aka yi ba, don ni na san abin da zai faru, shi bai sani ba; sata ce da shaidu. Ya dube ni ya ce, “To da ni na ci fa, da me za ka kira ta?” Ban da amsa. Daga baya mai shayi ne ya karɓa ya kai wa mai babur ɗin da sunan abokina, ba tare da an tambaye shi ba. Ya sani, na san ya sani, ba mu sake tada maganar ba. Ranar da zan koma shi ya kai ni tasha da jakata a kan tanki, na ba shi kuɗin kabu-kabu ya karɓa, abin da bai taɓa yi ba a da.

Akawal bai sake sukuwa ba. Jijiyar ba ta tsinke ba, amma ta yi kauri, yanzu hawan Sallah kawai ake yi da shi, da kilisar yamma. Ba cacata ce ta lalata mishi ƙafa ba, wannan na sani. Amma daren da ya kamata in taya Kawu komawa wajen Alhaji mu sake roƙo, ko in ce a kira likitan dabbobi, na kwana ina addu'ar kada a janye shi.

Na koma Yamai, fada na nan, takarda na nan. Har yanzu in na wuce idona kan faɗa kan muzik, kaina ya fara aunawa da kansa: wannan nauyi ya yi mishi yawa, wancan gurbinsa ya yi waje. Ban ce muku na zama waliyyi ba, kuma ban rubuta wannan don in yi wa kowa wa'azi ba, da yawanku kun fi ni sanin hukuncin. Abu ɗaya na roƙa: in wani a fadarku ya daka tsalle ya ce ya ci, ku tambaye shi, wa?

Da hutun damina na je gida da sabon kaye, na ce wa Kawu ina so in rubuta kalmomin doki kaf daga bakinsa, tun daga ragama har majayi, kafin su ɓace. Ya yarda, yana ba ni su ɗaya-ɗaya da yamma, har yana gyara mini rubutu in na karanta mishi ba daidai ba. Mun kai kalma 140. Amma in zai duba ƙafar doki da dare, ƙaramin ƙanena yake kira ya riƙe fitila.